Haske, Inuwa da Idon Kyamara: Yadda Finafinan Zullumi Suke Kama Zuciyar Mai Kallo



Gabatarwa

An nemi in yi bayani a kan wani fanni na fasahar silima, wato yadda ake sarrafa haske da kyamara don a jefa mai kallo cikin wani hali na zuci da bai shigo da shi ba. Kusan kowa a cikinmu ya taɓa zama gaban allo, ko a gidan silima ko a ɗakinsa, ya ji gabansa yana faɗuwa alhali babu abin da ya auku tukuna. Mutum ne kawai yake hawa matakala, ko mace tana rufe taga. In an tambayi mai kallon abin da ya tayar masa da hankali, sai ya ce labarin ne, ko kuma kiɗan. Lalle labari da kiɗa suna da nasu rabon, amma akwai wani aiki da ake yi wa idonsa wanda bai cika lura da shi ba, shi ne kuwa za mu duba yau.

Irin finafinan da zan yi magana a kansu su ne waɗanda zan kira finafinan zullumi. Sun bambanta da finafinan dodanni da fatalwa, sun kuma bambanta da na faɗa da harbe-harbe, domin haɗarin da ke cikinsu yana zaune ne a cikin zuciyar ɗan Adam: zargi, kishi, waswasi, taɓin hankali, ko laifin da aka binne. Matar aure tana zargin mijinta zai kashe ta, ba ta kuwa da shaida. Maƙwabci yana zaton an yi kisa a gidan da ke fuskantar nasa. Tun da yake zuciya ba ta ɗaukuwa a hoto, tilas mai shirya fim ya nemi hanyar da zai sa a gan ta. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca abu guda ne: a irin waɗannan finafinai, haske da kyamara su ne mudun da ake auna wa mai kallo sani da shi. Su ne suke ƙayyade abin da zai gani, da lokacin da zai gan shi, da inda zai tsaya ya gan shi. Daga wannan awon ne zullumi yake fitowa. Yawancin misalaina zan ɗauko su daga ayyukan Alfred Hitchcock, mutumin Ingila wanda aka haifa a 1899, ya koma Amurka da aiki a 1939, ya mutu a 1980, domin a hannunsa ne wannan fanni ya nuna.

Razana da Zullumi

Ya kamata tun da farko mu rarrabe tsakanin razana da zullumi. A hirar da ya yi da François Truffaut, mai shirya fim ɗan Faransa, a 1962, Hitchcock ya kawo wani misali wanda ya shahara. Mutum biyu suna zaune suna taɗi a bakin tebur, kwatsam sai bam ya tashi daga ƙarƙashinsa. Masu kallo za su razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in aka fara nuna musu an ajiye bam ɗin, aka nuna musu lokacin da zai tashi, sa'an nan ga agogo a bango, to, wannan taɗin banza da mutanen suke yi sai ya zama abin da ba ya jurewa, har mai kallo ya ji kamar ya yi musu tsawa su tashi. Abin da ya canja tsakanin shiri na farko da na biyu shi ne yawan abin da mai kallo ya sani. Wani lokaci akan sa ya fi ɗan wasa sani, sai ya ji masa tsoro. Wani lokaci kuma akan rage masa sani, sai ya shiga zargin kowa. Fitila da kyamara su ne kayan aikin wannan ƙari da ragi.

Tushen Abin a Jamus

Wannan fasaha ta fara tsayawa da ƙafafunta ne a ƙasar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da fim bai fara magana ba, komai sai an nuna shi da ido. A 1920 Robert Wiene ya fitar da fim ɗin da aka sani da Caligari, inda aka zana inuwoyi da fenti a jikin bangaye da daɓe, tagogi da tituna duk a karkace. Sai a ƙarshe mai kallo yake gane cewa wanda yake ba da labarin majinyaci ne a asibitin masu taɓin hankali. Ashe ke nan karkatattun gidajen nan hoton hankalinsa ne.

A 1931 kuma Fritz Lang ya yi fim mai suna M, a kan wani mai kashe ƙananan yara a birni. Farkon bayyanar mutumin, inuwarsa ce kawai take faɗawa a kan takardar cigiyarsa da aka manna a jikin ginshiƙi, yayin da yake yi wa wata yarinya magana. Ba a nuna kisan ba. An nuna uwa tana kiran suna a matakalar da babu kowa, an nuna kwanon yarinyar a tebur babu mai ci, an nuna ƙwallonta tana gangarowa daga cikin ciyawa ta tsaya, sa'an nan balan-balan ɗinta ya maƙale a wayoyin tangaraho. Kowane mai kallo shi ne yake ƙarasa sauran a ransa, kuma abin da rai ya ƙirƙira ya fi abin da allo zai nuna muni.

Hitchcock ya yi aiki a ɗakunan shirya fim na kamfanin UFA kusa da Balin a 1924, ya ga yadda F. W. Murnau yake aiki, ya koma gida da wannan darasi. A fim ɗinsa The Lodger na 1927, mutanen gida suna zargin ɗan hayarsu da ke saman bene. Da yake babu sauti da za a ji takunsa, sai Hitchcock ya sa aka yi daɓen da gilashi mai kauri, aka ɗauki tafin takalman mutumin daga ƙasa yana kai da kawowa bisa kawunansu.

Aikin Haske

A ƙa'idar da aka saba a ɗakin ɗaukar fim, fitilu uku ake kafa wa ɗan wasa. Akwai uwar fitila, wadda take ba da mafi yawan haske daga gefe guda na gaba. Akwai ƙaramar fitila daga ɗaya gefen, aikinta ta sassauta inuwar da uwar ta jefa. Akwai ta uku daga bayansa, mai haska ƙeya da kafaɗu don ta raba shi da bangon da ke baya. A fim ɗin ban dariya ko na soyayya, akan bar ɓangaren fuska mai haske ya ninka ɗaya ɓangaren kamar sau 2 kawai, sai fuska ta fito sarai, babu abin da ta ɓoye. A fim ɗin zullumi kuwa akan rage ƙaramar fitilar, ko a kashe ta ɗungum, har bambancin ya kai ninki 8 ko fiye. Sai rabin fuska ya nutse cikin duhu. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, wanda aka ba shi rabin fuska an ba shi rabin labari ne, dole ya zauna cikin shakka.

Inda haske ya fito ma yana da tasa magana. Tun da aka haife mu daga sama muka saba ganin haske yana sauka, ko na rana ko na wata ko na fitilar ɗaki, saboda haka inuwa takan kwanta a ƙarƙashin gira da hanci da haɓa. In aka kawo haske daga ƙasa, duk waɗannan inuwoyi sai su juye, fuskar da muka sani ta zama baƙuwa. Yaron da ya kara tocila a ƙarƙashin haɓarsa don ya tsorata ƙannensa wannan ƙa'idar yake aiki da ita. In kuma aka tsayar da hasken daidai bisa kai, sai ramukan ido su cika da duhu, ba a ganin inda mutum yake kallo, balle a san nufinsa.

Haske kuma yatsa ne mai nuni. A fim ɗin Suspicion na 1941, wata mata ta gama sakankancewa mijinta yana shirin ba ta guba. Da dare sai ga mijin, wato Cary Grant, yana hawowa bene da tambulan na madara a faranti. Gidan duhu, inuwar ƙarafan taga ta bazu a bango kamar saƙar gizo. Hitchcock ya sa aka saka ƙaramin kwan fitila a cikin madarar kanta, sai ta zama ita ce abu mafi haske a allon duka. Babu wanda ya ce da guba a ciki. Ido ne kawai ba shi da wurin zuwa sai can, kuma da ido ya tsaya a kan abu, zuciya sai ta fara tambayar dalili.

Carol Reed ya yi amfani da haske ta wata fuskar a The Third Man na 1949, wanda aka ɗauka a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, lokacin yana rushe bayan yaƙi kuma ƙasashe huɗu suna mulkinsa. An riƙa jiƙa titunan dutse da ruwa da dare don su mayar da hasken fitilu, inuwar mutum guda ta haye bango ta kai tsawon bene. An shafe fiye da rabin fim ana maganar wani mutum da aka ce ya mutu. Wata rana da dare sai ga kyanwa tana shafa takalman wani da ke tsaye a duhun ƙofa. Wata mata a sama ta kunna fitila ta buɗe taga don ta yi faɗan surutu, hasken ya faɗo a kan fuskar mutumin, sai ga mamacin nan, Orson Welles, yana murmushi. Matar ta kashe fitila, ya ɓace. Asirin fim ɗin gaba ɗaya kunna fitila ɗaya ne ya tona shi. Mai ɗaukar hoton, Robert Krasker, ya sami lambar yabo ta Oscar saboda wannan aiki.

Mun san karin maganar da ke cewa dare rigar mugu, kuma masu shirya fim sun san mai kallo da wannan zato yake shigowa. Saboda haka wani lokaci sukan yaudare shi da shi. A Psycho na 1960, tsohon gidan da ke kan tudu shi ne mai duhu, can mai kallo yake tsammanin sharri. Amma kisan farko a ɗakin wanka aka yi shi, fari fat, haske ko'ina, inda mutum ya fi sakin jiki. Mai kisan kaɗai aka bari cikin duhu, domin an haska shi ta baya ta yadda siffarsa kawai ake gani ta cikin labule. A ƙarshen fim kuma, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, hannu ya bugi kwan fitilar da ke rataye, ya shiga lilo, inuwa tana shiga tana fita a ramukan idon busasshiyar gawa, har ka ce gawar tana motsi.

Da launi ya shigo, shi ma aka sa shi aiki. A Vertigo na 1958, wani tsohon ɗan sanda a San Faransisko ya tilasta wa wata budurwa ta sake tufafi da gashi don ta yi kama da macen da yake so wadda yake zaton ta mutu. Sa'ad da ta fito daga ɗakin wanka cikin sabuwar kama, koren hasken allon tallar otal ɗin da ke shigowa ta taga ya lulluɓe ta kamar hazo. Mai kallo yana ganin abin da mutumin yake gani, wato fatalwar da ya tayar da hannunsa.

Aikin Kyamara

In haske yana zaɓar abin da za a gani, kyamara ita ce take zaɓa wa mai kallo mazauni. A wasan kwaikwayo na dandali, kowa yana kujerarsa, nisansa da 'yan wasa ba ya canjawa. A silima kuwa ana ɗaukar mai kallo a ajiye shi inda aka ga dama, ba tare da an shawarce shi ba. Abubuwa huɗu ne ake wasa da su a nan: nisa, tsawo, karkata, da motsi.

Na farko nisa. Ɗaukar nesa tana nuna mutum ƙarami a tsakiyar fili, sai a ji kaɗaicinsa da rashin mataimaki. Ɗaukar kusa kuwa tana cika allo da fuska, ta kusantar da mu fiye da yadda ladabi yake barin mu kusanci baƙo, kuma ta hana mu ganin abin da ke bayansa. Wannan na biyun shi ne babban amfaninta a fim ɗin zullumi, domin duk abin da ke wajen iyakar allo yana iya zama haɗari. Akwai kuma tafiya daga nesa zuwa kusa a ɗauka guda. A Notorious na 1946, kyamara ta fara daga saman bene tana kallon babban ɗakin liyafa cike da baƙi, ta sauko sannu a hankali har ta tsaya a kan hannun Ingrid Bergman, wanda yake damƙe da makullin da ta sace wa mijinta. Taron mutane da yawa, amma mai kallo kaɗai aka gaya wa inda rai da mutuwa suke.

Na biyu tsawo. In aka ɗauki mutum daga ƙasa, yakan yi girma ya danne mu. In daga sama, yakan ƙanƙance kamar abin farauta. A Psycho, sa'ad da saurayin mai kula da masaukin, Norman, yake hira da baƙuwarsa cikin ladabi da kunya, bangon ɗakin cike yake da busassun tsuntsaye. Da hira ta kai kan mahaifiyarsa, sai kyamara ta sauka ƙasa ta gefe, aka gan shi da mujiya mai buɗaɗɗun fikafikai bisa kansa. Muryarsa ba ta ɗaga sosai ba, amma an riga an gargaɗe mu. Can gaba, lokacin da za a kashe mai binciken da ya hau benen gidan, sai kyamara ta koma can ƙololuwar rufi tana kallon ƙasa. Mai kallo yana ɗaukar wannan a matsayin salon tsoratarwa kawai, alhali kuwa an yi shi ne don kada ya ga fuskar mai kisan, kuma kada ya gane an ɓoye masa ita.

Na uku karkata. Idon mutum ya saba ganin ƙasa a shimfiɗe, bango a tsaye. In aka ɗan kwantar da kyamara gefe guda, sai komai ya zama kamar zai zame, jiki ya ƙi natsuwa. The Third Man cike yake da irin wannan ɗauka, kuma ta dace da birnin da ba a san mai gaskiya a cikinsa ba.

Na huɗu motsi, da rashinsa. Mutumin Vertigo yana fama da tsoron tsawo. Don a sa mai kallo ya ɗanɗana jirin da yake ji in ya leƙa ƙasa daga matakalar hasumiya, sai aka haɗa motsi biyu masu saɓani a lokaci guda: kyamara tana tafiya a kan dogo ta fuska ɗaya, gilashinta kuma ana murza shi ta ɗaya fuskar. Abin da ke kusa ya tsaya yadda yake, ƙasa kuwa ta riƙa zurmawa tana nisa. Da ƙaramin samfurin matakalar aka yi wannan, an kwantar da shi a ƙasa, kuma Irmin Roberts ne mai ɗaukar hoton da ake jingina wa dabarar. Steven Spielberg ya sake amfani da ita a Jaws a 1975. Amma tsayuwa cik ma tana da nata ƙarfi. A Rope na 1948, wasu samari biyu sun kashe abokinsu, suka sa gawar a babban akwati, suka shimfiɗa abincin liyafa a kansa. Bayan an ci, baƙi suna taɗi a gefe, ba a ko nuna su sosai, kyamara ta tsaya tana kallon mai aikin gida tana kwashe kwanuka ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauke mayafin akwatin, tana kawo littattafan da za ta mayar ciki. Ga bam ɗin nan na ƙarƙashin tebur, an mai da shi akwati.

Yadda Ake Sa Mai Kallo Cikin Laifi

Hoto ɗaya ba ya aiki shi kaɗai, sai an jera shi da ɗan'uwansa. Lev Kuleshov, malamin silima a Rasha a farkon zamanin Tarayyar Sobiyet, ya gwada wannan. Kamar yadda almajirinsa Pudovkin ya ruwaito, an ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, aka haɗa ta da kwanon miya, sa'an nan da gawar mace a akwati, sa'an nan da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yaba yadda ya nuna tunani, da baƙin ciki, da fara'a, alhali fuskar guda ce. Ashe mai kallo ne yake zuba wa fuska ma'ana daga abin da aka jera mata.

A kan wannan ƙa'ida aka gina Rear Window na 1954. Wani mai sana'ar ɗaukar hoto, James Stewart, ya karye a ƙafa, yana zaune a keken marasa lafiya yana leƙen tagogin maƙwabta. Kusan duk fim ɗin kyamara ba ta fita daga ɗakinsa. A nuna shi yana kallo, a nuna abin da ya gani, a dawo a nuna fuskarsa. Ta haka idonsa ya zama namu, leƙen da yake yi mu ma muna yi, muna kuma jin daɗinsa. Wani dare, tagar mutumin da ake zargi tana duhu, ba a ganin komai sai jan wutar tabarsa tana haske tana dushewa. Daga bisani mutumin ya gane ana kallonsa, ya ɗago kai ya dubi cikin kyamara sosai. A wannan lokaci duk wanda ke gaban allo yakan ji shi aka kama.

Psycho ya wuce nan. An ɗauke shi baƙi da fari, da ma'aikatan shirin talabijin na Hitchcock, a kan kuɗi kimanin dala 800,000, kuma yawancinsa da gilashi mai milimita 50, wanda ganinsa ya yi kusa da na idon mutum. Kisan ɗakin wanka ya ci kusan mako guda ana ɗauka a watan Disamba na 1959, an kafa kyamara a mazauni 78, an yi yanka 52 wajen haɗawa. Kusan babu inda aka ga wuƙa tana shiga jiki. Saurin jera hotunan ne yake yi wa ido sara. An kashe matar da muke bi tun farko kafin fim ya kai rabi, aka bar mu babu wanda za mu jingina da shi sai Norman, wanda muke zaton yana rufa wa uwarsa asiri ne. Ya sa gawar a mota ya tura ta cikin fadama mai laka. Mota ta fara nutsewa, sai ta tsaya. A nuna fuskarsa, a nuna mota, a sake nuna fuskarsa. Mutane da yawa sukan sami kansu suna fatan motar ta ƙarasa nutsewa. Jama'a, wannan shi ne iyakar ƙarfin wannan fasaha: an sa mutumin kirki yana taya mai ɓoye gawa addu'a, ta hanyar inda aka tsayar da shi kawai.

Bayan Hitchcock

Waɗanda suka biyo baya sun ƙara kayan aiki, amma ƙa'idar tana nan. A tsakiyar shekarun 1970 Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, wata na'ura da mai ɗaukar hoto yake ɗaurawa a jikinsa don kyamara ta yi tafiya ba girgiza. Stanley Kubrick ya yi amfani da ita a The Shining na 1980, tana bin wani yaro a baya, dab da ƙasa, yana tuƙa kekensa mai ƙafa uku a dogayen lungunan wani otal da babu baƙi. Lungunan a haske suke tas. Abin da ke damun mai kallo shi ne bai san abin da ke bayan kowace kwana ba, kuma bai san wane ne wannan mai bin yaron ba.

A The Silence of the Lambs na 1991, Jonathan Demme da mai ɗaukar hotonsa Tak Fujimoto sun sa mazan da ke magana da jarumar, Jodie Foster, su dubi cikin kyamara kai tsaye, ita kuwa ta riƙa duban ɗan gefe. Sai mai kallo, namiji ne ko mace, ya ji nauyin idanun da ke kanta. A ƙarshe aka juya abin: an kashe wuta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, muna ganinta cikin koren haske ta tabaran ganin dare na mai kisan, tana lalube, hannunsa yana miƙowa dab da gashinta.

Akwai wani batu da ya shafi masu shirya fim a ƙasashenmu. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya daɗe yana raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, da shi ake daidaita launi, kuma yawancin ƙa'idojin fitila a kan farar fata aka tsara su. Wanda ya kwashe su yadda suke ya ɗora wa baƙar fata, ya kashe ƙaramar fitila, fuskar duka zai rasa, ba rabi ba. Baƙar fata tana son haske mai faɗi mai taushi wanda za ta mayar da shi, da ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Jordan Peele ya nuna abin da za a iya yi a Get Out na 2017, inda hoton da ya fi zama a zukata shi ne fuskar Daniel Kaluuya a kusa, idanu a buɗe, hawaye suna zuba, jiki ya kasa motsi.

Kammalawa

Wani zai ce duk wannan nishaɗi ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Amsa ita ce waɗannan dabaru ba su tsaya a gidan silima ba. A 1935 Leni Riefenstahl ta fitar da fim a kan taron jam'iyyar Nazi a Nuremberg, inda ta riƙa ɗaukar Hitler daga ƙasa, sararin sama a bayansa, jama'a kuwa daga sama kamar tururuwa a jere. Dabarar da ke sa a ji tsoron Norman ita ce ta sa aka ga girman azzalumi. Haka nan mai talla, da mai neman ƙuri'a, da mai haɗa rahoto, kowannensu yana zaɓar fitila da mazaunin kyamara kafin ya nuna mana mutum, kuma sau da yawa mun riga mun yanke wa mutumin hukunci kafin ya buɗe baki. Muna cewa gani ya kori ji, amma gani ta allo wani ne ya auna mana shi.

Saboda haka nake roƙon ɗalibai musamman, in kun zauna kallo, ku riƙa yi wa kanku tambayoyi uku. Daga ina haske ya fito, kuma me ya bari cikin duhu? A ina aka tsayar da ni, kuma da idon wa nake kallo? Me ke wajen iyakar allo wanda aka hana ni gani? Wannan ba zai rage muku daɗin fim ba, sai dai ya ƙara, kamar yadda wanda ya san saƙa ya fi kowa more kallon kyakkyawar riga. Masu sha'awar shiga sana'ar kuma su lura cewa yawancin misalan da na kawo ba tsadar kaya ce ta yi su ba. Kwan fitila guda a cikin madara, taga guda da aka buɗe, wutar taba a ɗaki mai duhu: abin da suka buƙata shi ne mai shiryawa ya san abin da yake so mai kallo ya sani, da abin da zai jinkirta masa.